Katifar Doña Lala Ta Tsallaka Titi

Duk wanda ya tashi a kudancin layin dogo a garinmu na California ya ci tamalen Doña Lala Barragán, irin alalar masara da ake dafawa a ganye, ya kuma sha baƙar maganarta. Shekara da shekaru ruwan sama na shiga falonta ba sallama, don titinmu ba magudana. Ba ta taɓa fashin zaɓe ba, amma gari ne gaba ɗaya ke zaɓen kansiloli, 'yan arewacin layin kuwa sun fi mu yawa. Kujerun duk nasu ne.

Sai dokar jiha ta sa aka yanka garin mazaɓu biyar, kowace ta fitar da nata. Ranar har rawa Doña Lala ta taka a gaban tukunya. Ita ta jawo Efraín bakanike daga ƙarƙashin mota ta ce, "Wanke hannunka, ɗan nan, kansila za ka zama."

Ta ciyar da unguwa kaf da sunansa. Sannan aka bayyana iyakar, ashe ta tsakiyar titinta ta bi. Tsallaken titin mazaɓarmu ce, inda Efraín ke takara, gefenta kuwa an haɗa shi da 'yan arewa, ba ta da ikon zaɓensa ke nan. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na tausaya mata, amma wallahi sai da na yi dariya.

A tsallaken, gida ɗaya ne ke da ɗakin da ba kowa: na Socorro, ƙanwar marigayi mijinta. Sun daina gaisawa tun wani biki da Socorro ta ce miyar Lala ba gishiri.

Doña Lala ta bar wa ɗanta gidan, ta rungumi katifa, ta ratsa ruwa har idon sawu, ta ƙwanƙwasa.

"Lafiya?" in ji Socorro.

"Zama na zo yi, ba ziyara ba. Matsa."

"Da wannan miyar taki?"

"Ga gishirin nan na taho da shi, ki zuba da kanki, uwar tsegumi."

Ranar zaɓe tare suka tafi, hannu cikin hannu, suna tsiya. Da aka ce Efraín ya ci, Lala ta fara rawa, sai rawar ta koma kuka. Ta ce, "Yau dai an ƙirga da ni."

An gina magudanar, falonta ya bushe, amma ba ta koma ba. Ta ce wani zaɓen na tafe. Socorro ta ce ƙarya ce, cin abinci ita kaɗai ne ya ishe ta.