Kalkuleta mai koren haske

Shekara ashirin da wani abu ina gyaran rediyo a rumfata ta Unguwar Kanawa ban iya rubuta sunana ba. Duk abin da na sani a kaina yake. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, kwana uku a mako bayan la'asar.

A shekarata ta biyu a ajin wani dattijo daga Malali ya kawo mini kalkuletarsa a naɗe cikin hankici. Tsohon safiyo ne na gwamnati, ya yi ritaya, amma har yanzu mutane na kawo masa lissafin awon fili. Idonsa ya yi rauni. Baƙaƙen lambobin kalkuletocin yanzu ba ya ganinsu, sai na wannan tsohuwar, masu haske kore.

"Idan ta mutu na zama ɗan kallo a gidana," in ji shi.

Da na buɗe ta, sai na tarar ruwan batir ya cinye hanyoyin jan ƙarfe da ke kan fanel ɗin, farantin nan da kayan cikinta ke manne a kai. Aisin dai, wato baƙar ƙwaƙwalwar nan mai ƙafafu ashirin da takwas, yana nan lafiya. Amma wace ƙafa ce ke zuwa ina? Babu takardar kamfani, babu irinta a kasuwa da zan kwatanta.

"Alhaji, sai ka yi haƙuri da ni."

"Haƙuri nawa, na mako ko na wata?"

"Na wata dai."

A da, da na mayar masa da kayarsa, don kaina ba zai riƙe hanya ashirin da takwas ba. Yanzu kuwa ina da fensir. Na zana aisin a bayan littafina na aji, na ba kowace ƙafa lamba. Kullum da safe kafin rumfa ta cika, sai in ɗora mitar gwajin wuta a kan ƙafa guda, in bi ɗan guntun hanyar da ya rage, in danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya in ga wanda zai motsa allura. Abin da na gano sai in rubuta da manyan baƙaƙena: WUTA, ƘASA, SANDAR SAMA, don da 'yan sandunan haske ake haɗa kowace lamba. Akwai ƙafar da ta ci mini kwana huɗu.

Malamarmu ta ga zanen ranar da take duba aikin gida.

"Baba, gizo-gizo na ce ka zana?"

"Malama, ki karanta abin da ke ƙafafunsa tukuna."

Ta karanta, ta gyara mini kalma biyu, ta ce in ci gaba.

Na jona hanyoyin da siraran wayoyi da dalma, koren haske ya kawo. Ɗoki bai bar ni na gwada sosai ba, na kira Alhaji a waya. Ya zo, ya danna biyu, sai biyar ta fito.

"Malam, ka mayar da ita 'yar kasuwa! Na ba ta biyu ta ce biyar!"

Kunya ta kama ni, amma ban rikice ba. Na buɗe littafin. Ashe ta bayan fanel na yi zanen, na kuma yi jonin ta gaba, sandunan hagu na lambobin suka koma dama. Waya huɗu ce kawai. Yana zaune a benci yana shan shayi na sauya su.

Ya danna daga ɗaya har tara yana kiran kowace da ƙarfi. Sannan ya ciro wata takardar fili daga aljihu, ya buga tsawo da faɗi, ya kawo kalkuletar kusa da hancinsa.

"Daidai," ya ce. "Masu filin suna jirana tun makon jiya."

Ya tsayar da Keke, ya hau da ita a kunne a hannunsa.