Ƙahon da Aka Yi wa Yaya

Yayata ta dawo gidanmu a Gwaram wankan jego bayan haihuwarta ta fari, lokacin ina hutun makaranta. Bayan suna ba da daɗewa ba ta fara ciwon kai. Ko hasken ƙofa ba ta so, in jaririn ya yi kuka sai ta toshe kunnuwa ta juya wa bango fuska. Inna ta ce mataccen jini ne ya taru mata a ka, ta aika aka kira wanzamin gidanmu, wanda ya yi mana askin suna mu duka.

Ya aske mata ɗan gashi a ƙeya, ya tsaga, ya kafa ƙaho ya zuƙa. Da ya juye baƙin jinin a ƙasa, Inna ta ce, "Kin gani ko? Mugun ya fito." Sai dai jinin bai tsaya ba. Aka danna tsumma ya jiƙe, aka sake wani. Kafin la'asar hannun Yaya na hagu ya saki, ta fara fizge-fizge. Muka sa ta a bas sai Birnin Kudu, kanta a cinyata, ina danne da ƙeyar da ɗankwalin Inna.

A asibiti aka ɗebi jininta, aka kuma ɗauki hoton kanta. Likita ya kira mu ni da Baba, ya ce abu biyu ne. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini in an yanke sun yi ƙasa ƙwarai, shi ya sa tsagar ta ƙi kamewa. Sannan jini ya daskare a wata jijiya da ke kwaso jini daga ƙwaƙwalwa. Maganin da zai hana gudan jinin ƙaruwa, shi ne kuma zai iya ƙara mata zubar jini. Baba ya cire hularsa yana murzawa.

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an nuna ni. Amma na ce, "Likita, ana yawan samun biyun tare?"

"Ba kasafai ba," in ji shi. "Yawanci ɗaya ne ke zuwa. Amma ana samu."

Na fita gindin darbejiya na yi ta karanta labarin ciwon a waya har cajin ya kusa ƙarewa. Ko'ina maganar ke nan, ba kasafai ba. Na rasa abin da zan yi da ita. Yaya tana kwance ba ta gane ni, ɗanta yana ta kuka a bayan Inna.

Da na yi wa Inna bayani, rabi ɗaya kawai ta ɗauka. "To ai abin da na faɗa ke nan! Jini ne a kan. Bai zuƙe duka ba ne." Ashe ta aika gida. Washegari lokacin dubiya sai ga wanzamin da zabirarsa a hammata. Nufinta ya ƙarasa aikin a bayan labule kafin ma'aikata su zagayo.

Na tsaya a bakin gadon na tare hanya.

"Matsa mana," in ji Inna.

"Inna, in aka sake tsaga ta, jinin ba zai tsaya ba."

"Ke da ko goyo ba ki iya ba, ke za ki koya min jego? So kike in zuba ido ta mutu?"

Kuka take yi, ni ma haka. Na riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu, na ce, "Baba wanzam, don Allah ka duba ƙeyarta." Ya leƙa. Audugar da aka canza da safe har ta yi ja. Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyara zabirarsa ya ce, "Hajiya, ki yafe ni," ya fita. Inna ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

Ranar Baba ya amince aka fara maganin, ana ba ta ana duba jininta. Duk safiya audugar nake fara dubawa, sannan idonta. Wata safiya audugar ta kwana fara sol. Sai daga baya Yaya ta kira sunana.

Ta rayu, amma hannun bai dawo daidai ba, har yau sai an ɗaura mata goyo. Ni nake mata kitso in na zo hutu. Idan na kai ƙeya, sai in kewaye tabon a hankali, Inna kuwa ta tashi ta ce za ta duba tukunya.