Gilashin Tsakiya

Har yau ba na cin karfasa. Jikokina sun ɗauka ƙaya nake tsoro, ni kuwa na bar su a haka.

Maigidana makanike ne a injin gurzar auduga na Funtua. Mutum ne mai shirun tsiya, sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya. Wata Asabar sai ga shi da 'yan dako biyu, sun ɗauko wani akwatin gilashi da tsawonsa ya kusa kai tabarmar salla. Wai Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa ne zai koma ƙasarsu ya bar masa. Na ce, "Malam, me za a zuba a ciki, gero?" Ya ce, "Kifi." Na ce, "Kifi a ɗaki? To, Allah ya kyauta."

Ashe da gaske yake. Akwai wani kududdufi a ƙasan gonarsu ta hanyar Malumfashi, burinsa ya yashe shi ya zuba kifi, amma ya ce sai ya gane irin da zai fi yawan haihuwa tukuna. Shekara biyu yana wannan zaɓe. Duk ranar hutu ya hau keke ya bi rafuka, ya dawo da garwa ɗaure a baya, ruwa na zuba masa a wando. Wasu kifayen ya ajiye su mako guda ya mayar. A ƙarshe iri biyu suka rage, ya sa wani gilashi a tsakiya ya raba akwatin gida biyu. Gefe ɗaya karfasa biyar ne masu launin toka, namiji ɗaya da mata huɗu, munana, ba abin kallo a jikinsu. Ɗaya gefen kuwa guda biyu ne tak, masu sheƙi, da ja a wuya da ɗigo biyar baƙaƙe a jere. Masu toka dusa yake ba su, masu ɗigo kuwa gara da tana. Ban tambayi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Ba su ko fara haihuwa ba yaƙi ya tashi, aka ce ana neman masu gyaran lori a soja. Ranar da zai tafi ya tsaya a gaban akwatin da jakarsa a kafaɗa, ya ce, "Ga irin nan. Ki riƙe min su har in dawo. Rabin ruwan a sauya duk Juma'a." Shi ke nan fa sallamar da na samu, bayan shekara shida da aure.

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, a gidanmu take. Yanar ido ta rufe mata gani, motsi kawai take gani. Ta sa aka dawo da akwatin rumfar ƙofar ɗakinta, kullum da hantsi ta zauna ta ɗora tafin hannu a jikin gilashin. Wata rana ta ce, "Muddin kifin nan suna ƙaruwa, ɗana yana raye." Na ce, "Haba Inna, ai wannan camfi ne." Ni da na yi musun, daga ranar ban sake wuce akwatin ban ƙirga su ba.

Ita ce kuma ta laluba ta ji gilashin tsakiya. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan katangar fa? A gidanmu in ɗa ya yi tafiya ba a raba komai biyu, ko tukunya ce, har sai ya dawo." Na ce Malam ne ya sa. Ta ce Malam ɗin ita ta haife shi. To, wa zai ja da suruka a kan kifi? Na zare gilashin na jingina shi a bayan rumbu.

Da damina ta faɗi, wata safiya na ga 'ya'ya. Ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, sun yi dandazo a lungu kusa da wata mai toka. Na gaya wa Inna, tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Washegari 'ya'yan sun ragu. Kwana na uku babu ko ɗaya. Bayan mako uku aka sake yin haka, 'ya'ya su fito, su ɓace, ba gawa ba komai. A daidai lokacin ne wasiƙun Malam suka ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu, shiru. Inna ta rage cin tuwo. Kullum tambayarta ɗaya ce, "Sun ƙaru?" Masu ɗigon kuwa sai ƙiba suke suna ƙara kyau, suna tsaye cik a ƙarƙashin dutse, ba ruwansu da kowa.

Na ce wallahi sai na kama ɓarawon nan. Da aka yi haihuwa ta uku na bar dakana a turmi na zo na tsuguna. Ina matsowa inuwata ta faɗa kan ruwan, sai uwar nan mai toka ta wangale baki, 'ya'yan suka yi ciki gaba ɗaya, ta rufe. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Na ce, "La'ananniya! Ashe ke ce!"

Ni kiwon kaji na tashi na tarar a gidanmu, kuma hukuncin guda ne: kazar da ta fara shan ƙwanta ba ta da magani sai wuƙa, in ba haka ba ta koya wa sauran. Iri kuma a wurinmu da ido ake zaɓarsa, zangarniyar da ta fi cika da kyau ita ake ratayewa. Sai na ga ai zaɓen da Malam ya kwashe shekara biyu bai gama ba, ni na gama shi a safiya ɗaya. Ga kyawawa masu hankali, ga munana masu cin 'ya'yansu. Har wani daɗi na ji, ina cewa in ya dawo zai yaba.

Na bari sai da aka raka Inna gidan barka. Na ɗauko rariya na tsamo matan nan huɗu na zube su a faifai. Biyun farko ban ga komai ba, na kankare na ajiye. Ta uku bakinta a rufe yake gam har ta daina motsi. Na riƙe ta a kan kwanon ruwa na sa wuƙa a wuyanta, sai bakin ya saki. 'Ya'ya suka zubo cikin kwanon, suna iyo. Da ransu! Ko ƙwarzane babu a jikin ɗaya. Na buɗe bakin ta huɗu, na tarar da shi cike da ƙwai rawaya kamar gero, a jere tsaf. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Goyo suke yi, ni kuma na yanka su da goyon.

Da ina da hankali a lokacin, da na bar 'ya'yan a kwanon. Amma na ruɗe, gani nake gida zan mayar da su. Na ruga na juye su cikin akwatin. Kafin in ajiye kwanon masu ɗigon nan sun fito daga ƙarƙashin dutse kamar an harbo su. Ina tsaye ina ihu ina dukan gilashi, suka share su tas, suka koma lungunsu. Namijin mai toka da ya rage, shi ma ba su bar shi ya yi mako ba, sai da suka yage masa jela ya taso a mace.

Matan na binne su a bayan rumbu, kusa da gilashin. Da Inna ta dawo ta ɗora hannu ta ce, "Sun ƙaru?" Na ce, "Suna nan, Inna." Ta ga motsi a ruwa, ta yarda.

Kwana tara bayan haka wasiƙa ta iso, wadda ta yi wata uku a hanya. Maƙwabcinmu malamin makaranta ya zauna a zaure ya karanta mana. Bayan gaisuwa Malam ya ce akwai abin da ya manta bai faɗa ba: kada a cire gilashin tsakiya, masu ɗigo mafarauta ne, ya ajiye su ne don rage yawa in kududdufi ya cika. Masu toka su ne irin, kuma a baki suke renon 'ya'yansu, kada in tsorata in na gani. Mutumin da bai taɓa yi min magana mai tsawon haka ba.

Inna ta san wa ya sa aka cire. Ta ce, "Gobe ki mayar da shi, 'yar nan. Ai ba a makara ba ko?" Na ce, "Ba a makara ba, Inna." Malamin makarantar ya gyara alƙalami ya tambayi abin da za a rubuta. Inna na zaune a gefena, gwiwarta na taɓa tawa. Na ce a rubuta muna lafiya, kifi suna lafiya, suna ta ƙaruwa.

Na mayar da gilashin. Na ci gaba da sauya ruwan gefen da babu komai, duk Juma'a, ina zuba dusa don Inna ta ji ƙarar kwano.

Bayan an cire auduga wani mutum mai kakin soja ya yi sallama a ƙofar gida. Ya kawo jakar Malam da agogonsa. A cikin jakar, a saman kayan, ga wasiƙata an ɗora, ba a buɗe ta ba. Allah ya yafe min, kafin kukan ya zo, abin da na fara ji shi ne sauƙi, cewa bai karanta ba.