Na Yi wa Mai Shirin Zuhudu Shaidar Ango

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina aikin duba ingancin kaya a wani sito da ke Dubai Investments Park. Ni mutum ne mai yawan fargaba, ko ƙofa na kulle sai na dawo na taɓa ta. Ɗakinmu ɗaya a International City da wani ɗan Sri Lanka mai bin addinin Buddha, direban motar ɗaga kaya a wurinmu. Yana ce mini Malam, ina ce masa habibi, yadda ake kiran aboki a can.

Wata rana ya gaya mini zai ajiye aiki ya koma gida ya shiga cikin masu zuhudunsu, waɗanda ke aske kai su yafa mayafi ruwan goro, ba aure ba dukiya. Amma ba a karɓar mutum haka kawai. Sai an tabbatar da lafiyar jikinsa da hankalinsa, da yardar iyayensa, da halinsa. Da yake ya daɗe a waje, babban malaminsu ya nemi jin ta bakin wanda ya zauna da shi, abokina kuwa ni ya zaɓa. Hankalina bai kwanta ba sai da na tambayi limamin masallacinmu, ya ce shaidar halin maƙwabci ba laifi, muddin gaskiya zan faɗa.

To ni binciken da na sani shi ne na aure. Da tsohon malamin ya bayyana a bidiyon waya, wani yana fassara, sai na shiga yabo: yana da albashi, yana son yara, duk macen da ta same shi ta huta. Abokina na ta taka mini ƙafa ban gane ba. Tsohon ya yi dariya har mayafinsa ya zame, ya tambaya ko ƙanwata nake so in ba shi.

Sai ya tambayi abin da ke damuna a halin abokina. Akwai abu ɗaya da na yi niyyar ɓoyewa, don tsoron kada a ce taɓin hankali ne a ƙi karɓarsa. Amma na tuna maganar liman. Na ce mai yiwuwa ba komai ba ne, wataƙila ni ne ban fahimta ba, amma ba ya kashe kyankyaso. Kamawa yake a kofi ya sauka da shi har bakin titi, kuma ya taɓa ɓoye mini maganin feshi. Na ce a raina shi ke nan, na rusa masa rayuwa. Sai tsohon ya ce abin da yake son ji ke nan, don a addininsu ba a kashe mai rai, zancen mata kuma in riƙe wa kaina.

An karɓe shi. Da hotonsa ya zo, kai tal, baki har kunne, duk wanda na haɗu da shi a sito sai na nuna masa.

Shawarata, in na isa bayarwa: in an nemi ka shaidi mutum, ka fara sanin inda za shi, sannan kada ka tace gaskiya don taimakonsa. Abin da na so binnewa shi ya buɗe masa ƙofa. Kofin yana nan wurina, kuma jiya ma na sauka da kyankyaso a cikinsa.