Ƙafar Attahir ta Dama

Attahir mutumin Barmu ne, amma a Tawa aka san shi, yana kabu-kabu tsakanin tasha da kasuwar dabbobi. Shekarar da korona ta zo ya tafi Aljeriya aikin gini, can huhunsa ya gaza. Likitoci suka jona shi da na'urar da ke zuƙo jinin mutum ta bututu a matse-matsi, ta zuba masa iska, ta mayar cikin jiki. Ya yi makonni bai san inda yake ba.

Ya dawo gida da ransa, 'yan uwa suka yi ta hamdala. Sai dai ƙafarsa ta dama ta koma kamar ta aro. Idan ya ɗaga ta, yatsun sai su rataya ƙasa, takalmi ya zame. Ya ce wa kowa gajiyar ciwo ce.

Wata safiya matarsa Farida tana dama koko, sai ta ji ƙauri. Ta waiwaya, ta ga diddigensa bisa garwashin da ya faɗo daga murhu, shi kuwa yana ta hira.

"Attahir, ɗaga ƙafarka! Ba ka ji ba?"

Ya duba naman da ya ƙone, gumi ya karyo masa. Bai ji komai ba.

Duk da haka ya koma kan moto, wato babur ɗinsa na kabu-kabu, don zaman gida ya fi ba shi tsoro. Ranar kasuwa ya ɗauki wata mata da goyo. Kusa da mashigar dabbobi wani raƙumi ya ratso hanya. Attahir ya nemi birkin ƙafa, ƙafar ta ƙi hawa kansa. Ya damƙe na hannu, moton ya juya, suka zube cikin yashi. Jaririn ya tsala kuka. Ba wanda ya ji rauni, amma Attahir ya zauna cikin yashin yana kallon ƙafar.

A asibiti, mai gasa jiki ya tsikari tafin ƙafar da allura, yana kallon fuskarsa.

"Jijiyar ta sha wuya lokacin da kake kan na'ura," in ji shi. "Wasu tana farfaɗowa, wasu a'a."

"Cutar za ta hau sama, malam? Za ta ci ɗayar?"

"Ba na zato. Amma ka riƙa zuwa muna dubawa."

Ya bar wa ƙanensa moton. Yanzu yana facin taya a bakin tasha, da takalmin roba mai tallafe ƙafar. Kowace yamma Farida kan bincika tafin, ko ƙaya ko ƙusa ta shige bai sani ba. Idan ƙafar hagu ta yi sanyi don dogon zama, sai ya zabura ya yi ta mintsininta har ya ji zafi.

Bana da damina babban yatsan ya motsa sau ɗaya, lokacin da yake alwala. Ya sake gwadawa, bai motsa ba. Bai faɗa wa Farida ba tukuna.