Lirwanu Mai Kiɗan Ƙanƙara

Ni ne Idi mai keke, mai ƙafa ukun nan na haya, kuma ni na riƙa ɗaukar wa Lirwanu sifikokinsa tun suna biyu, ɗaya ma da fasasshen baki. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji yaran tashar Bodinga, waɗanda lokacin ko wando ba su iya ɗaurewa ba, suna cewa wai ɗan iska ne. Ɗan iskan uban wa? Yaron da ko sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba. Kiɗa dai ya shiga jininsa, wannan kam ban musa ba.

Ubansa mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa. Da aka haife shi uwarsa ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe, jariri yana ta tsala ihu. Akwai wata Bafulatana, Inno, da ke kawo nono gidan daga rugarsu ta wajen Shagari, da nata jaririn a baya, Hamza, ɗanta na fari. Ita ta karɓi Lirwanu ta sa masa nono, daga baya ma ta tafi da shi ruga har uwar ta miƙe. Haka suka tashi 'yan'uwan shayarwa, ɗaya a bayan shanu, ɗaya a cikin wayoyin lantarki. In ka taɓa ɗaya, to ka shirya wa ɗayan.

Lirwanu ya fara da yin kiɗa a wurin biki da suna. Wata rana wani bakanike yana kwance wata tsohuwar mota da aka shigo da ita daga Turai, sai ya tsinci jakar fayafayai a ƙarƙashin kujera, ya ba shi. Waƙoƙin mutanen Suwidin ne da Norwe da maƙwabtansu. Ni da na fara ji cewa na yi mata ne ke kuka a cikin rijiya. Shi kuwa sai ya haukace a kansu. Ya nemo wasu a waya, ya riƙa bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya yana neman ma'anarsu, har ya dame ni da su a hanya. Samarin gari suka sa wa abin suna kiɗan ƙanƙara, tunda an ce musu can ƙanƙara ake takawa. Da kulob ɗin samari na bayan tasha ya ba shi filinsu, sai ya ware dare guda a wata, bayan isha'i, ba a sa komai sai wannan kiɗa. Maza zalla, lemo da tsire, a yi tsalle a yi gumi a watse. Har daga Dingyadi ake zuwa a kan babura.

To, a ranin bara waccan, wani sa na Hamza ya tsinke ya faɗa gonar albasar wani Maniru a Dingyadi. Ɓarna kam ya yi, ba a ɓoye ba. Maniru bai tsaya jiran kowa ba, ya ɗauki adda ya sassare wa san jijiyoyin ƙafafun baya. Dole aka yanka shi a nan bakin gona. Hamza ya rene shi tun yana maraƙi, kuma a gaban jama'a ya durƙusa ya riƙe kan san yana kuka. Dattawa sun sasanta maganar, amma bakin samari ba ya sasantuwa. Suka ce ai uban Hamza ne ya mutu. Duk inda ya gitta a Bodinga sai ka ji ana “ɗan sa, ɗan sa”. Daga nan ya ɗauke ƙafa daga garin gaba ɗaya.

Abin ya tsaya wa Lirwanu a rai, don Maniru ɗan kulob ne, kullum suna tare. Ya ƙudura sai ya haɗa su sun yi rawa a fili ɗaya. Na ce masa ya bar mutane da zuciyarsu. Bai ji ba, ya sa na kai shi Shagari.

Inno tana tsefe kan jikarta lokacin da ya faɗa mata yana son Hamza ya zo daren kiɗansa. Ba ta ɗago ba.

“Mutanen garinku ba su da kunya, Lirwanu.”

“Inno, wurina na. Ni ka da wurin. Ko hararatai babu mai yi.”

Sannan ta ce, “To ga ya nan. Amana na ba ka. Ka maido mani yaron ga yadda ka ɗauke shi.”

Yaron ga take ce masa. Ɗan fari ne, kuma irin su Inno ba su kama sunan ɗan fari, ba su nuna sun damu da shi a gaban mutane. Tun da nake zuwa rugar ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Ranar ta zo. Lirwanu yana da doka, ba a shiga filinsa da makami. Ya ajiye wani tsohon duro a bakin ƙofa, kowa ya jefa wuƙarsa ko gorarsa a ciki, in an tashi ya ɗauka. Hamza ya iso da abokansa makiyaya kaɗan, kowa da sandarsa a kafaɗa, suka tsaya suna kallon duron. Makiyayi ai ko masallaci zai shiga, sandarsa tana inda hannunsa zai kai. Lirwanu ya fito da kansa ya riƙe hannun Hamza.

“Aje ta, ɗan'uwa. Ni as sandarka yau.”

Hamza ya yi murmushi ya saka. Sauran suka bi.

Da farko wallahi abin ya yi kyau. Ina zaune a gefen janareta ina kallon Hamza yana daka tsalle irin nasu, doguwar rigarsa tana tashi, mutane suna tafa masa. Maniru yana can kusa da ƙofa da mutanensa, fuska a ɗaure. Daɗi ya kwashe Lirwanu. Ya ɗauko waƙar da ya fi so duk cikin fayafayan, wadda ya ce sai ranar babban baƙo zai sa.

Masu wannan sana'a suna da al'adar rage kiɗa su kira sunan wanda suke son karramawa, sannan su sake shi da ƙarfi. Haka ya yi. Ya rage, ya ɗauki makirfo, ya ce, “Jama'a, ga ɗan'uwana na Shagari, Hamza.” Ya tura kiɗan sama. A daidai nan matar da ke waƙar ta shigo da amshi, kalma ɗaya take ta maimaitawa: dansa, dansa, dansa.

A yarensu rawa ke nan, ku yi rawa take cewa. Lirwanu ya san haka tun tuni, ya san shi har kunnensa ya daina jin Hausa a ciki. Amma duk wanda ke filin nan abu ɗaya ya ji, an kira Hamza, sifikoki sun amsa da ɗan sa.

Dariya ta fashe. Maniru ya ɗora yatsu biyu a ka kamar ƙaho, ya shigo tsakiya yana bin amshin. Na ga Hamza ya tsaya cak. Bai kalli Maniru ba, Lirwanu ya kalla, kuma Allah kada ya sake nuna min irin wannan kallo. Hannunsa ya tafi kafaɗa neman sanda, bai samu ba. Sai ya sunkuya ya ɗauki kwalbar lemo ya fasa ta a bakin Maniru.

Jini ya wanke wa Maniru riga, haƙora suka zubo. Mutanensa da ke bakin ƙofa suka kifar da duron, suka kwashi sandunan baƙi. Da sandunansu aka dake su. Makiyayan nan ba su da komai sai hannu. Ɗaya ya ɗaga benci yana karewa, aka karya masa hannu, na ji ƙarar ƙashin duk da kiɗan. Wani ya haura katanga, kwalaben da aka dasa a kai suka yanke masa tafin hannu. Hamza ya kayar da biyu kafin sanda ta same shi a ƙeya, ya zube, suka rufe shi. Matar nan kuwa tana ta abinta, don babu kowa a kan na'ura.

Lirwanu ya riga ya tsallake teburi. Ya kutsa ya faɗa kan Hamza ya rufe shi da jikinsa yana cewa su bari don Allah, rawa take nufi. Wa zai saurare shi? Maniru, da baki duk jini, ya karɓi sanda ya ɗaga da hannu biyu, ta sauka a kunnen Lirwanu na hagu. Ko a haka bai tashi ba. Hamza ne ma ke ture shi daga ƙasa, yana cewa, “Ɗaga ni, maci amana.” Na fizge wayar janareta, wuri ya yi duhu, sannan tsoro ya kama su suka watse.

A kekena muka sa Hamza. Asibitin gari suka duba kan suka ce sai Sakkwato. Duk tsawon hanyar nan Lirwanu yana riƙe da kansa a cinya, yana faɗa masa magana ɗaya, cewa kalmar rawa ce, wallahi rawa ce, zai nuna masa a waya. Ban san ko Hamza ya ji ba. Bai ga wayewar gari ba.

Maniru da mutum uku suna gidan yari har yanzu, kulob ɗin kuma an rufe shi. Wannan duk daga baya ne. A ranar, da hantsi, mu muka bi motar da ta kai gawar ruga. Lirwanu ya ƙi yarda a duba kunnensa, jini ya bushe masa har wuya.

An sauke Hamza, maza suka shiga da shi. Inno tana tsaye a ƙofar bukkarta, mata sun kewaye ta, idonta a bushe, ko wajen gawar ba ta kalla ba. Lirwanu ya zo ya zube a gabanta.

“Inno, ki zage ni. Ki la'ance ni, don Allah.”

Ta ce a kawo ruwa. Ta zauna, ta jawo kansa ta kwantar a cinyarta, lafiyayyen kunnen a ƙasa, ta shiga wanke masa jinin da bakin zanenta. Tana cikin wankewa ta sunkuya ta yi masa magana a hankali, yadda mata ba za su ji ba. Ni ina kusa, na ji.

“Yaron ga da kunka taho da shi, ya sha wuya?”

Lirwanu bai motsa ba. Kunnen ya riga ya mutu, ba ta sani ba, shi ma bai sani ba. Ta sake tambaya, ta ɗan ɗaga murya. Shiru. Ta girgiza kafaɗarsa, ta sake, yanzu kowa yana ji, mata suka fara sunkuyar da kai. Ya juyo yana kallon bakinta.

“Mi kinka ce, Inno? Wa?”

Ta kama fuskarsa da hannu biyu.

“Hamza,” ta ce. “Hamzana nika tambaya.”