Ƙugun Orval Tidwell

Orval Tidwell ya shekara ashirin da uku yana aikin ɗan sanda a wata gunduma ta yammacin Texas, inda shanu suka fi mutane yawa, kuma babu ɓarawon da ya taɓa ba shi wahala kamar ƙugunsa. Dogo ne siriri, daga kafaɗa har idon sawu miƙe yake kamar taɓarya. Ranar da ya kama aiki a 1968 aka ba shi bel na fata mai faɗin tafin hannu, ga bindiga libarba cikin kubenta, ga ankwa, ga tocila. Abokan aikinsa sukan ɗaura su manta. Shi kuwa taku goma zai yi, bel ya fara neman ƙasa.

Sai ya koyi tafiya da hannun dama dafe da kube. Mutanen gari suka ɗauka shirin zare bindiga yake yi kullum, har mashaya suka riƙa sauke murya idan ya gitta. Bai taɓa gyara musu fahimta ba.

Ana nan sai shugabansu, Dub Lassiter, ya kawo mazubin harsashi: ɗan abu zagaye mai riƙe harsashi shida, ka kifa shi a kan bindiga, ka murɗa kansa, su zuba gaba ɗaya. Kowa biyu, cikin 'yan jakunkunan fata a jikin bel. Nauyin ya ƙaru. A makon ne wani maraƙi ya tsinke a gaban gidan waya, Orval ya bi shi a guje da hannu bibbiyu, bel ya zame ya yi masa dabaibayi a gwiwa. Maraƙin ma tsayawa ya yi yana kallonsa a kwance.

Washegari ya tafi wurin Eufemia Galindo, tsohuwar da ke ɗinkin sirdi a bayan mahauta. Ta zagaya shi sau biyu da magwaji a hannu.

"Ɗana, ina aka ce ƙugun yake?"

"Nan wajen, Baba."

"Na ɗinka wa doki, na ɗinka wa alfadari, ban taɓa ɗinka wa turke ba. Matarka ba ta girki ne?"

"Tana yi. Ba ya zama ne."

Ta yanka masa 'yan madaukai huɗu masu maɓalli, waɗanda za su ɗaure bel na bindiga a jikin bel na wando. Aikin ya yi kyau, domin daga ranar bel bai sake rabuwa da wando ba. Tare suka zame ƙasa, ranar Lahadi, a ƙofar coci, lokacin da ya ɗaga hannu yana tsayar da motoci don mata mawaƙan coci su tsallaka. Matarsa Nadine ce a gaban layi. Ta wuce kanta a miƙe kamar ba ta san shi ba.

Ya koma wurin Eufemia. Wannan karon ta ɗinka masa igiyoyin kafaɗa da zai sa ƙarƙashin riga, ta matso da jakunkunan biyu gaba inda hannu zai kai, ta tsuke murfinsu. Abin da ƙugu ya kasa, kafaɗa ta ɗauka. Orval ya samu hannunsa na dama, sai ya rasa abin da zai yi da shi, ya koma cin alewa. Nadine tana dafa wata alewar gyaɗa tana dunƙulawa, kuma ya lura dunƙule ɗaya daidai yake da cikin jakar mazubi. Tunda ba harbi ake yi a garin ba, ya cire mazubin gaba ya ajiye a mota, ya sa alewa a gurbinsa.

Ranar gwajin harbi na shekara ta zo a tsakiyar watan Yuli. Lassiter yana tsaye da agogo a hannu. Orval ya harba shida, ya buɗe bindiga, ya zubar da kwanso, hannunsa ya kai jakar gaba da saurin da bai taɓa yi ba, ya kifa, ya murɗa da ƙarfi. Rana ta riga ta narkar da alewar.

"Tidwell, mene ne ke ɗiga daga bindigar gwamnati?"

"Yallaɓai, ta Nadine ce."

Lassiter ya dangwala yatsa ya lasa. "Lokacinka dai ya fi na kowa," in ji shi. "Ka ce ta rage sukari."

Kwana biyu yana wanke bindigar, tururuwa kuma ba su bar kuben ba sai da sanyi ya shigo. Aka mayar da shi gadin ƙofar kotu, aikin da ya yi cikin jin daɗi har ya aje kaki a 1991 ya koma kiwon awaki. Sau ɗaya tak ya yi harbi a bakin aiki, a kan wani maciji da ya shigo harabar kotun, kuma bai same shi ba. Magatakardar alƙali ce ta fito da shebur ta kashe shi, ta koma ta ci gaba da buga takardunta.